Kakana sojan sama ne a yaƙin basasa, amma duk hirarsa ta gona ce

Jikar Saje:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masu sanin tarihin sojan saman Najeriya, musamman dattawanmu da waɗanda suka taɓa sa kaki.

Kakana na wajen uwa, wanda kowa a garinmu yake kira Baba Saje, ya haura shekara 80. Ɗan manoma ne gaba da baya, daga wani ƙauye a ƙasar Funtuwa. Auduga da dawa mahaifinsa yake nomawa. Da dagaci ya zo neman yaran da za a sa a boko, sai tsohon ya ɓoye manyan 'ya'yansa biyu ya miƙa na ukun, don a ganinsa gandu ba zai ji rashin ƙaramin hannu ba. Na ukun nan shi ne kakana. Da ya gama firamare ya ɗan zauna wajen wani mai gyaran injin niƙa a cikin Funtuwa. A 1965 ya ji ana ɗaukar sojan sama a Kaduna, ya hau jirgin ƙasa bai yi wa kowa sallama ba. Da shi aka fara yaƙin basasa, da shi aka gama. Ya ajiye aiki a 1977 ya koma ƙauye ya kama noma, kuma har yau in ruwan shuka ya sauka sai an goya shi a babur an kai shi bakin gona, ya zauna a gindin ɗorawa yana faɗa da masu jefa iri.

Ni ce 'yar gaban goshinsa cikin jikoki, amarya yake ce mini, amma ko ni ban taɓa jin ya zauna ya yi maganar yaƙin nan ba. Ka tambaye shi shekarar da fara ta cinye gero, ko kuɗin buhun taki zamanin Shagari, sai ka gaji da ji. Ka ce masa "Baba, ya aka yi a Inugu?" sai ya ce rana ta take, a je a duba ko an ba shanu ruwa.

Da ƙaramar sallah kishiyata, wato Hajiya kakarmu, ta buɗe adakarsa tana neman takardar wata gona. Sai ga hula, ga takardar sallama daga aiki, ga kuma wani tsohon hoto marar launi: samari bakwai cikin kayan aiki sun jeru gaban wani jirgi mai buɗaɗɗen hanci, ba shi da farfela. An rubuta "Enugu 1969" a bayan hoton. Baba na tsugune daga gefe, siriri da shi, yana riƙe da wani lanƙwasasshen ƙarfe irin wanda ake tada injin niƙa da shi.

Ga tambayoyina. Ƙannena maza suna tsokanarsa wai sojan sama ne da bai taɓa tashi sama ba, shi kuwa dariya kawai yake yi. To me mutum irinsa, mai ilimin firamare, yake yi a rundunar? Sannan Hajiya ta ce ya taɓa gaya mata Larabawa ne suke tuƙa jiragen. Haka ne, ko dai ta cakuɗa da labarin aikin hajji? Wadda ta fi damuna kuma ita ce: ina so in ɗauki muryarsa a waya tun yana da ƙarfinsa. In matsa masa, ko in ƙyale dattijo?

Wani abu kuma, ko yana da alaƙa da aikin. Kullum da yamma sai an jera masa fartanyoyi da lauje da gatari a kan buhu ya ƙirga su. In ɗaya ya ɓata, ba mai cin tuwo a gidan sai an koma gona an nemo, ko da tocila ne.

Dattijon Fagge:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ƙara wa Saje lafiya, ya sa ya gama da duniya lafiya.

Hajiyarku ba ta cakuɗa komai ba. Misirawa ne, kuma mun gan su da idonmu, don ina ɗan shekara 12 a lokacin, gidanmu a Fagge. Jiragen yaƙin da aka samo daga Rasha ta Kano suka shigo, a watan Agusta na 1967, cikin manyan jiragen ɗaukar kaya, aka harhaɗa su a filin jirgi. Mu mun saba da ƙarar jiragen fasinja da na alhazai, amma wannan daban ne: sai ka ga abu ya gifta ƙasa-ƙasa, sannan ƙarar ta biyo baya. Ranar farko awakin gidanmu suka tsinke igiya, kakarmu ta yi ta salati har la'asar. Mu yara kuwa murna muke yi, muna ruguwa wajen gari don mu hango.

A cikin damunar nan ce kuma jirgin Biyafara ya zo ya jefa bam a filin jirgin Kano, yana neman waɗannan sabbin jiragen. Daga ranar mahaifinmu ya hana kunna fitila a tsakar gida, aka koma cin tuwo tun da sauran haske.

Shi kansa mahaifin namu lebura ya yi a filin nan zamanin yaƙin Hitila, lokacin da Ingilishi suke harhaɗa jirage a Takoradi ta ƙasar Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan zuwa Masar. Gangunan mai yake mirginawa. Bai taɓa sa ƙafa cikin jirgi ba sai da ya tashi zuwa Makka, amma har ya rasu in ya ji ƙara a sama yakan faɗi inji nawa ne ba tare da ya ɗaga kai ba. Saboda haka ki ce wa ƙannen nan naki su kama bakinsu.

Mai Sifana:

Malama, ni a 1982 na shiga rundunar, ɓangaren gyaran jirage, kuma sa'o'in kakanki ne suka koyar da mu a Kaduna. Bari in ɗan faɗaɗa.

A kowace rundunar sama masu tashi 'yan kaɗan ne. Kafin matuƙi ɗaya ya ɗaga, sai mai inji ya sa hannu, mai lantarki ya sa, mai rediyo ya sa, mai zuba mai ya gama nasa, mai makamai ya gama nasa. Yawancin waɗannan a wancan zamani 'yan firamare ne masu kaifin hannu, irin wanda ya taɓa kwance injin niƙa ya mayar.

Lokacin da Saje ya shiga, rundunar shekararta ɗaya da kafuwa, don a watan Afrilu na 1964 majalisa ta yi dokarta. Jamusawan Yamma ne suka raine ta, har shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Matuƙanmu na farko a Habasha da Kanada da Indiya da Jamus aka horar da su. Jiragen kuwa ƙanana ne masu farfela, Piaggio da Dornier, na koyo da kai saƙo. Da yaƙi ya ɓarke a watan Yuli na 1967 ba mu da jirgin yaƙi na gaske ko ɗaya. Sai da aka karɓi jiragen DC-3 na Nigeria Airways ana tura bam da hannu ta ƙofa. Ingila da Amurka suka ƙi sayar da jiragen yaƙi, gwamnatin Gowon ta juya wajen Tarayyar Sobiyet da Chekoslobakiya, aka samo MiG-17 da L-29, a 1968 kuma aka ƙaro Il-28 mai ɗaukar manyan bama-bamai. Matuƙanmu ba su san waɗannan jirage ba tukuna, shi ya sa aka kawo Misirawa da wasu Turawa 'yan haya, kafin namu su ƙware su karɓa.

Jirgin da kika kwatanta MiG-17 ne. Hancin a buɗe yake saboda ta nan injin yake shaƙar iska. A ƙarƙashin hancin akwai manyan bindigogi uku, ɗaya mai milimita 37, biyu masu milimita 23, dukansu a kan faranti ɗaya tare da akwatunan harsashinsu. In za a yi lodi, ƙarfe ake sawa a murɗa, farantin ya sauko ƙasa da igiyoyin waya, a cika, a sake murɗawa ya koma ciki. Ban ga hoton ba, amma ina kyautata zaton ƙarfen da ke hannunsa ke nan. In haka ne, kakanki mai makamai ne: shi yake cika bindigogi, shi yake ɗaura roka da bam, shi yake zare fil ɗin tsaro in jirgi zai tashi. Ki riƙe wannan a ranki kafin ki yanke shawarar matsa masa.

"Enugu 1969" ma ba ƙaramar magana ba ce. A watan Mayu na shekarar wani ɗan Suwidin mai suna Carl Gustaf von Rosen ya kawo wa Biyafara ƙananan jirage biyar da aka ɗaura wa roka. Suna tafiya dab da kan bishiyoyi, ba a ankara sai sun iso. Suka kai hari filayen jirgin Fatakwal da Binin da Inugu cikin 'yan kwanaki, suna harbin jiragen da ke ajiye a ƙasa. Wa yake tsaye kusa da jirgin da ke ajiye? Samarin nan bakwai na cikin hotonki. A watan Oktoba na shekarar kuma shugaban rundunar, Kanar Shittu Alao, ya rasu da jirginsa L-29 ya faɗi a Uzebba.

Ƙirgar fartanya kuwa ta sa ni dariya ni kaɗai, don matata har yau tana mitar ƙirgar cokula. Dokar aikinmu ce. Kayan aiki a jere ake fito da su, a jere ake mayarwa. In sifana ɗaya ta ɓata, ba jirgin da zai tashi sai an gan ta, domin in tana cikin inji ko ta maƙale a wayoyin sitiyari, ran mutum ne. Wanda aka hora da wannan yana ɗan shekara 20 ba ya dainawa.

Maman Biyu:

'Yar'uwa, ni dai shawarata ki ƙyale shi. Mahaifina sojan ƙasa ne, yana cikin runduna ta biyu ta Murtala lokacin da aka yi ƙoƙarin haye Kwara daga Asaba zuwa Onitsha a ƙarshen 1967, aka yi asarar mutane da yawa a ruwa. Har ya koma ga Allah bai ƙara shiga kwalekwale ba, ko na fito a ƙaramin rafi. Wani ɗan yayana da ke jami'a ya zo da rikoda ya tsare shi da tambayoyi don aikin makaranta. Baba ya amsa masa duka, don ba ya iya ce wa jika a'a. Bayan nan sai da ya yi kusan wata ba ya barcin kirki, mahaifiyarmu ce ta sha wahalar. Yaron ya samu makinsa ya yi gaba.

Mu masu son tarihi waya muke kashewa mu tafi. Shi kuma da shi za a kwana. Mutumin da ya yi shekara sama da 50 yana kauce wa magana, ya san dalilinsa. In kina son muryarsa, ɗauki hirar gonar da yake so, ita ma tarihi ce.

Ɗan Sabon Gari:

Ku yi haƙuri in sa baki, don ni daga ɗaya ɓangaren labarin nake. Ibo ne ni, a Kano aka haife ni bayan yaƙi, Hausa na fara ji kafin harshen iyayena.

Mahaifiyata ta gudu daga Kano a 1966 ta koma ƙauyensu kusa da Umuahia. Jiragen da Malam Mai Sifana ya lissafa, ita daga ƙasa ta san su. Ta ce sai da aka kwashe kasuwanni aka mayar cikin kurmi, ana ci da asuba a watse kafin rana ta ɗaga, saboda jirage suna jefa bam a kasuwa. Ƙanwarta a kasuwa ta rasu, ta je sayar da rogo. Amma ita wannan matar ce ta dawo Kano a 1971 ta tarar maigidan da take haya a wurinsa ya adana mata keken ɗinkinta, ya lulluɓe shi da tabarma, ko zare bai ɓata ba. Duka biyun take ba mu labari, ba ta taɓa faɗar ɗaya ta bar ɗaya ba.

Ban zo neman laifin kakanki ba, yaro ne aka ba shi aiki. Amma na saɓa da Maman Biyu. Manya sun rubuta littattafansu, janar-janar da 'yan siyasa. Ɗan manomin da ya ɗaura bam da 'yar kasuwar da ya faɗo wa, su ne ba a ji daga bakinsu ba, kuma suna ƙarewa. Ki tambaye shi sau ɗaya, a hankali. In ya ƙi, shi ke nan.

In wata rana hanya ta kai ki gabas, akwai gidan tarihin yaƙi a Umuahia, MiG-17 da Il-28 suna nan a ajiye a fili.

Jikar Saje:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na je gida ƙarshen mako, ga yadda aka yi.

Hanyar Maman Biyu na fara bi. Na ajiye waya a kan tabarma, na gaya masa tana ɗauka, na ce ya ba ni labarin gonakin gidan ɗaya bayan ɗaya, wace aka gada, wace aka saya. Ashe duk rayuwarsa a cikin gonakin nan take, har da sojan.

Ya ce da ya gudu Kaduna mahaifinsa ya hana a ambaci sunansa a gidan. Sai da aka fara yaƙi tsohon ya sauko, ya sa aka yi sadakar akuya, ya ba wani direba laya ya kai masa bariki. Shi kuma tun albashinsa na farko yake aiko da kuɗi ta gidan waya, da su ake biyan harajin duk mazan gidan, har ya zama ba sai an yi gaggawar kai auduga fuloti ba don tsoron dagaci. Mahaifin ya rasu da kakar 1968. Wasiƙar ba ta same shi ba sai bayan an yi sadakar arba'in. Nan ya ɗan yi shiru, sannan ya ce shekarar dawa ta yi kyau, dami ɗari da wani abu aka ɗaure, tsohon ya ga an fara yanka amma bai ga an zuba a rumbu ba.

Dalilin barin aikinsa ma gona ce, abin da ko mahaifiyata ba ta sani ba. Da farin 1973 ya zo, yayyensa suka jinginar da gonar fadama, wadda ta fi kowace, don su ciyar da gida. Shekaru suka tafi ba su iya fansa ba, wanda ke riƙe da ita ya fara maganar a cika masa kuɗi ta zama tasa. Baba ya ce lokacin ana maganar tura shi kwas, ƙarin girma na tafe, amma ya lissafa ya ga kuɗin sallamarsa ne kaɗai zai iya fansar ta. Ya rubuta takarda ya fita. Ya fanshi gonar, ya sayi bijimai biyu da garmar shanu da abin da ya rage. Ya kuma yi sa'a lokacin shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa yana kan ganiyarsa, ga taki ga malaman gona, shi ne ya shiga noman masara tun mutanen ƙauyen suna yi mata kallon abincin marmari. Na tambaye shi ko ya yi nadama, tunda wasu abokansa sun kai manyan muƙamai. Ya ce in je in tambayi Hajiya ko ta taɓa auna hatsi a kasuwa tun da aka kawo ta gidan. Hajiya daga ɗaki ta ce sau ɗaya, shekarar Buhari ta farko, kuma kada ya cika baki.

Ana cikin wannan dariyar na miƙa masa hoton. Malam Mai Sifana, ka canka daidai. Da na ce wani ya ce ƙarfen nan na sauke bindigogi ne, sai ya gyara zama ya ce wane ne wannan, a ina ya yi aiki? Ya nuna mini da hannu yadda ake murɗawa, da yadda mutum yake kwanciya rigingine a ƙarƙashin hancin jirgin, ƙarfe ya ɗau zafin rana har yana sale fata. Ya bi mutanen hoton da yatsa yana faɗar garuruwansu: wannan Tibi ne daga Gboko, wannan daga Zuru, wannan Bayarabe ne daga Ogbomosho wanda ya koya masa cin amala, wannan daga Numan. Biyu daga cikinsu ba su ga ƙarshen yaƙin ba. Na Zurun shi ne amininsa, tare suke kwana a rami ɗaya in an ji ƙarar ƙananan jiragen nan.

Ban tambaye shi komai game da bam ba. Shi ya kawo da kansa. Ya ce, "Amarya, mu namu ɗaurawa ne. Jirgi ya tashi da kaya ya dawo wayam, mu sake ɗaurawa. Ba mai gaya maka inda aka sauke. Sai da aka gama yaƙi aka bi da mu ta garuruwan a mota, sannan na gani." Daga nan ya ce in kashe wayar, na kashe. Ya ƙara magana kaɗan, wadda ba zan rubuta a nan ba tunda bai yarda a ɗauka ba.

Ɗan Sabon Gari, na ba shi labarin mahaifiyarka. Ya tambaya ko tana raye. Ya ce in tana nan a gaishe ta, a ce wani tsoho daga ƙasar Funtuwa yana yi mata ta'aziyyar ƙanwarta. Maman Biyu, na kira Hajiya da safe na tambayi yadda ya kwana. Ta ce ya daɗe a kan buzu bayan isha'i, amma ya yi barci, da asuba kuma ya tashi yana faɗan an bar akuya ta shiga rumfar harawa. Duk da haka ba zan sake tayar da maganar ba sai in shi ya tayar.

Ɗan Sabon Gari:

Tana nan da ranta, sai dai ido ya yi rauni. Na karanta mata. Ta ce ta amsa, ta gode, kuma a tambaye shi ko ana samun dawa kaura mai kyau a wajensu bana, don ta Kano ta yi tsada.

Mai Sifana:

Malama, ki gaya wa Saje wani ƙaraminsa a aiki yana sara masa. Abu biyu zan roƙe ki. Ki ɗauki hoton nan da takardar sallamar a waya, gaba da baya, ki tura wa mutum biyu ko uku cikin dangi, asalin kuma a sa a leda a raba shi da adakar Hajiya, don gara ba ta san tarihi ba. Muryar da kika ɗauka ma kada ta zauna a waya ɗaya. In iyali sun amince daga baya, Gidan Arewa a Kaduna wuri ne da ake adana irin waɗannan abubuwa.

Na biyu, akwai wani dattijo ɗan Zuru da ya koya mana aikin makamai shekarar da muka shiga, shi ma ya yi Inugu. In kin koma ki tambayar mini Saje ko amininsa yana cikin biyun da suka rasu. In ba ya ciki, ki turo mini sunan ta akwatin saƙo, ina da wanda zan tambaya a ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Kaduna.